Butar Jatau a Cikin Kwamfuta

Ƙawata Kande, matso ki ji. Kin san ƙanena Jatau, daga shi sai matarsa Ladi sai akuya ɗaya. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. 'Yata Zulai ta samo masa aikin shara a ma'aikatarsu, inda aka kawo sabon injin yanka ƙarfe mai bin umarnin kwamfuta. Aikinta shi ne ta zana injin a kwamfuta, da teburinsa mai tafiya hagu da dama, da kansa mai hawa da sauka, ta gwada a zane kafin a kunna na gaske. Alhaji Bawale mai wurin ya ce in wuƙar injin ta karye, Zulai ta nemi wani aikin.

Wata rana ta ba Jatau igiyar awo. "Kawu, auna mini duk abin da ke motsi a nan." Ya auna tebur, ya auna fanka, ya bi ƙadangare har bakin titi. Da ya dawo sai ya zagaye tumbin Alhaji da igiya.

"Kai, lafiya?"

"Yana motsi, ranka ya daɗe."

Wata rana ta ce, "Kawu, injin cikin kwamfuta da na waje dole su zama iri ɗaya." Jatau ya riƙe maganar. Da aka shafa wa injin giris, ya lakato ya shafe fuskar kwamfuta tas. Zulai ta yi salati, ta wuni tana gogewa.

Wata rana, ranar gwaji, Alhaji na tsaye, Zulai ta kai hannu za ta kunna injin, sai Jatau ya tare gabanta da tsintsiya.

"Ba iri ɗaya ba ne. Na waje yana da maɗaurin ƙarfen da aka ɗaura a tebur jiya, ga butata a gindinsa. Na ciki ba ko ɗaya."

Alhaji ya ce a fitar da shi. Zulai ta ce a dakata. Ta zana maɗaurin ta gwada, nan take zanen ya yi ja: da wuƙar ta daki maɗaurin ta tarwatse. Allah ya kiyaye. Ta gyara hanyar wuƙar.

Jatau bai matsa ba. "Saura buta."

Aikinta na nan, alhamdulillahi. Amma don Allah, Kande, kada ki gaya wa kowa: har yau akwai buta a cikin zanen nan.