Yadda Za Ka Rufe Shago da Turanci Baba Bai Gane Ba

Shagon cajin waya da mahaifinka ya buɗe maka a Talata Mafara ya mutu, ga shi duk Talata yana shigowa kasuwa daga Morai? Kwantar da hankalinka. A Hausa rufewa ɗaya ce, kowa ya ji ya gane. A Turanci kuwa hawa-hawa ce. Bi matakan nan, na yi maka alkawari tsoho ba zai taɓa sani ba. Ni da kaina na gwada.

1. Fara da *Closed*

Ma'anarta an rufe. Ba ta ce yaushe ba, ba ta ce don me ba. Kalma ce mai rufin asiri. Rubuta a kwali, ka manna a ƙofa, ka wuce Bakura duba mara lafiya. A Bakura ba a rasa mara lafiya.

2. Ƙara *Temporarily* a gabanta

Wato rufewar ta ɗan lokaci ce. Ba ƙarya ka yi ba, duniyar ma ta ɗan lokaci ce.

3. Koma *Closed for renovation*

An rufe don gyara ke nan, kuma ita ce uwar tafiya. Jingina tsani a bango, ka ajiye bokitin fenti ko da wayam yake. Da bokiti ɗaya na ci wata uku, har barka maƙwabta suka yi mini.

4. Guji *Shut down*

Wannan mutuwa ce murus, an yi wanka an sa likkafani. Ƙanwarta *Closing down* gargara ce. Duk su biyun gaskiya suke faɗa, don haka ba ruwanka da su.

5. Idan ya ritsa ka

Durƙusa ka ja gaisuwa: gida, gona, gajiyar hanya. Sannan ka karanta masa kwalin da ƙarfi. Haka na yi wa Baba. Ko kallon kwalin bai yi ba, kwaɗon ƙofar ya kama yana jujjuyawa.

"Misbahu, shekara ashirin ina buɗe ƙohwar ruwa ina ruhewa ga noman rani. Abin da za a sake buɗewa, mai aka ɗiga mishi. Wanga ya yi tsatsa."

"Baba, ai gyara ne..."

"Tun Talata ta hwarko na sani. Ba shago nika zowa dubi ba. Jira nikai ka hwaɗa min da bakinka."

Bature na da magana a kan irin wannan: *case closed*, zance ya ƙare.

Hattara

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. Turancin duk daidai yake, na duba. In naka tsohon ma ya san tsatsa, ku kuka sani. Ni dai har yau in na tuna Talata goma sha biyu da ya yi yana hawo mashin don ya ji magana ɗaya daga bakina, tuwo ba ya wuce mini.