Rasuwar Tasalla, Tifar Da Aka Yi Wa Awo Da Kaskon Turare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu can ƙarƙashinsa da ya fi barkono zafi, ni Hajiya Sa'adiya mai yashi ta Rafin Guza nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maginan Doka da na Badarawa, da duk wanda ya taɓa matsawa gefen titi don ta wuce, rasuwar tifarmu Tasalla. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan hawan da ke fitowa daga bakin kogi, da yashi cike a bayanta, bayan jinyar sati uku. Shekararta goma sha tara a hannunmu. Abin da ta yi a duniya kafin nan, ita da wanda ya sayar mana suka sani.

Ni ban yi boko ba. Malam Husaini mai rubuta wasiƙa ne ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma ja masa kunne kada ya zuba wa maganata sukari. Sukarin da aka zuba wa magana shi ya kashe marigayiya, za ku ji.

Ranar jajiberin babbar salla marigayi maigidana ya shigo da ita unguwa, shi ya sa ta ci sunan. Baiwar Allah ce mai haƙuri da juriya. Da safe ba ta tashi sai ta yi gyaran murya sau biyu, "kwaf, kwaf," sannan ta ce "garararam," kajin unguwa su watse. Ba ta taɓa kallon kaya ta ce sun yi yawa ba. Ta ɗauki yashi, ta ɗauki tsakuwa, ta ɗauki matan unguwa zuwa suna Kawo suna guɗa a bayanta. Duk mai kwana cikin ɗakin siminti a Badarawa ya shafa bangonsa, akwai guminta a ciki. Tana da 'yan halaye irin na manya: ƙofarta da waya ake ɗaure ta, birkinta sai an roƙe shi sau uku. Amma da maigidana ya kwanta dama, ita ta riƙe gidan nan. Ita ta aurar da 'yar autata Hasiya, a bayanta ma aka ɗora gado da kwanonin jere aka kai gidan miji. Ashe gidan ajalinta take kai kaya.

Ga tarihin lafiyarta, don likitoci su ƙaru. Shekarun baya, tun maigidana na raye, marigayiya ta kwanta babban ciwo, aka yi mata aiki. Wanda bai san cikin mota ba ya saurara, ni shekara da shekaru ina wanke rigar mai tifa. A cikin inji akwai ramuka shida, kowane rami da ƙarfe mai kama da gwangwani yana hawa yana sauka, shi ne fistin. A ƙugun fistin akwai zobba, makanikai na ce musu ringi, su ke toshe tsakaninsa da bangon ramin, kada iska ta gudu, kada baƙin mai ya hau sama. To, a wancan aikin ramukan sun cinye, sai aka rarake su aka ƙara musu faɗi, aka zuba sababbin fistin masu ƙiba. Tun daga ranar, cikin Tasalla ba cikin budurwa ba ne.

Tsofaffin fistin shidan maigidana ya kawo su gida a buhu. Biyar na ba maƙera, suka narke su, suka zama tukunya da ludayi. Ɗaya na kifa shi, na cika cikinsa da toka, ya zama kaskon turarena. Duk Juma'a ina goge shi har ya yi ido. Na san tambarin awon da aka rubuta a kansa kamar tafin hannuna: maciji, da sanda mai hula, da rabin ƙwarya. Sababbin kuwa na gan su da idona kafin a sa, maigidana ya nuna mini: ƙwai biyu ne, da ƙahon rago a tsakiya. Ban iya karatu ba, amma na san maciji ba ƙwai ba ne.

Bana marigayiya ta fara ɗan hayaƙi irin na tsufa. Sabo direbanta ya ce ringi ne. Aka kai ta wurin wanda ya kamata ya fi kowa tausayinta, mijin Hasiya. Malam Husaini, rubuta sunan da kanka, bakina ba ya kama sunan suruki. (Alhassan makaniki, mai gareji a Badarawa.) Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shekara shida bai taɓa shigowa gidana da takalmi ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, ni kuma in amsa daga bayan labule.

Ya buɗe inji, ya tarar da kawunan fistin sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar mai ƙosai. Abin da ake yi sananne ne: a kankare baƙin, a karanta abin da ke rubuce, ko a sa ma'auni a auna. Shi kuwa ranar Juma'a ce, yana sauri ya je kasuwar kayan mota kafin masallaci, ga farar riga ya riga ya sa. Ya biyo gaisuwa, idonsa ya faɗa kan kaskona a bakin ƙofa yana ƙyalli. Ya ce wa matarsa, da ta zo mini wuni, ai wannan ma na Tasalla ne, ga shi tsaf ba sai ya ɓata hannu ba, a juye tokar a ba shi ya tafi da shi a matsayin samfur.

Ina bayan labule ina ji. Na yafito Hasiya, na ce ta gaya wa mijinta wannan awon ƙuruciyar motar ne, an rarake cikinta tun ita Hasiyar tana tallan gyaɗa, in ya sayo da shi zai yi ɓarna. Tsakanin labule da bakin ƙofa taku biyar ne. A taku biyar ɗin nan 'yata ta tauna maganar ta tace ta, don kada ran maigida ya ɓaci, ta isa ta ce Inna ta ce a kula mata da kaskonta. Ya ce in sha Allahu. Da kunnena na ji. Na buɗe baki zan gyara, kunya ta riƙe mini harshe. Ni da mahautan kasuwa ke gudun bakina, na laɓe a bayan labule kamar amarya har ya fita da kaskon. Wannan kason nawa ne a cikin laifin, a rubuta.

Jama'a, ko tela ba ya ɗinka wa mai 'ya'ya bakwai riga da awon ranar aurenta. An sa wa Tasalla zobban ƙuruciya a cikin ramukan tsufa, suna yawo a ciki kamar tsinke a bakin tulu. Tsohon makanikin maigidana ba ya ɗaura ringi sai ya fara zura shi cikin rami shi kaɗai, ya duba tazarar bakinsa da wata siririyar reza. Wannan an tsallake, an tafi masallaci.

Da aka sallamo ta, muryarta ta sauya. Babu "garararam," sai "fuuu, fuuu," kamar tsohuwa na hura itace ɗanye. Ba ta tashi sai an tara majiya ƙarfi sun tura. Baƙin mai kuwa ta mai da shi koko, a zuba da safe, kafin azahar ta nemi ƙari. Hayaƙinta ya kori sauro daga Rafin Guza, maƙwabta har godiya suka zo yi. Sabo ya koma ya faɗa, likitan ya ce sabon aiki ne, zai zauna. Ya kuwa zauna. Ranar Talata, a tsakiyar hawa, ta ce "kuf... kuf... hhhh," ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar ni, da bakuna tara da ke ci daga bayanta. Ta bar Sabo, yana zaune a gindin darbejiya yana kaɗa makulli. Ta bar masu haƙar yashi huɗu da cebur ɗinsu, da tayoyi shida, biyu daga ciki sun san kwalta da fatarsu. Ta bar layinmu a bakin kogi, wanda wasu tifofi suka fara leƙe. Ga hadari ya soma haɗuwa a gabas, kuma kogi in ya cika, babu yashi sai baɗi.

Al'ada ta hana ni tsayawa gaban suruki in ɗaga murya. Ba ta hana ni sanarwar rasuwa ba, sanarwa ta kowa ce. An yi takarda uku: ɗaya ƙofar gidana, ɗaya tashar tifa, ɗaya bangon wani gareji. A wannan karon Hasiya ta huta da aike.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, kada malaman unguwa su ce na yi saɓo. An riga an jawo gawar da sarƙa, tana kwance gicciye a ƙofar garejin, babu mai shiga babu mai fita. Zaman makoki zai fara Asabar da safe a nan wurin. Zan zo da tabarmata in zauna, in juya wa garejin baya, don kunya tana nan ba ta mutu ba.

Wankan gawa, likitanta ne zai yi, da kananzir da wuƙar da zan kawo daga madafina. Ya zo da tsohuwar riga. Zai kankare kan fistin a gaban Sabo da dattawa biyu, Malam Husaini ya karanta da ƙarfi. In maciji ya fito, na yarda a kira maƙera su narke ta, in kuma nemi gafara a bainar jama'a. In ƙwai biyu ne da ƙahon rago, to wannan baƙin fistin ɗin shi za a rungume a kai kasuwa, a sayo zobban da suka yi masa daidai, a gwada su cikin rami kowa na gani, kafin ruwan farko. Ranar da ta ce "garararam," a yage takardun nan, ni zan yi waina.

Masu zuwa ta'aziyya su zo da abin zamansu, su kuma ci abinci daga gida, mai kawo abincin ce ke kwance.

Wanda ya ari kaskona kuma, sati uku ɗakina bai ji ƙamshi ba. Ya dawo da shi, ya ajiye a bakin ƙofa, ya cire takalmi ya yi sallama kamar yadda ya saba. Zan amsa. Amma labulen zan ɗage.