Hoton Garinsu Shafa'atu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka ba ni ajin yaran gudun hijira a wata firamare a Kahu. Iyalai ne da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara. Wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutar hannu mai cajin sola, kuma da yake kullum daga Rano nake zuwa da babbar waya a aljihu, sai aka ɗauka na san kan abin. Ban musa ba (ni ma haka na ɗauka).

Wata rana ina koya musu taswira, son burgewa ya ɗebe ni. Na ce duk wanda ya faɗi sunan garinsu zan nuna masa shi daga sama. Wata yarinya, Shafa'atu, wadda ba ta cika magana ba, ta faɗi nasu. Muka lalubo kasuwar da suke ci, muka bi hanya, sai ga ƙauyen. Ta gane masallaci, ta gane rumbunansu da rufin ɗakin kakarta. Ta tambaye ni ko yanzu ne garin yake haka. Na gyara hula na ce, "Yanzu-yanzu. Ai tauraron ɗan'adam ba ya barci."

Ta fita da gudu. Ba a jima ba ta dawo da kakarta, Inna Hajo, da wasu mata a bayansu. Tsohuwar ta riƙe kwamfutar da hannu biyu tana hamdala. Ta ce suna ji suna gani aka ƙone gidan, tunda kuwa ga rufi ya koma, to ɗanta da ba su ji ɗuriyarsa ba tun ranar yana raye, shi ya gyara. Matan har sun fara maganar motar komawa.

A lokacin idona ya kai kan ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasan hoton. Shekarar da aka ɗauke shi ce, tun kafin harin.

Na so in yi shiru, wallahi. Amma mutane ne ke shirin kama hanya saboda bakina. A gaban ɗalibaina na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini. Tsohon hoto ne, ban duba ba na yi magana."

Ba ta zage ni ba (da ta zage ni da na fi samun sauƙi). Ta goge fuska da mayafi ta ce, "To bar mini shi haka, Malam, in ƙara gani."

Shafa'atu ta yi mako ba ta zo aji ba. Da ta dawo ta koma benci na ƙarshe.

Tun daga nan na koyi faɗin "ban sani ba, bari in duba". Ashe ba ta da wuyar faɗa, hular ma ba ta faɗuwa.