Ranar da na yi wa jami'a kutse da kafaɗata

Jama'a, yau da safe 'yar cikina ta kama ni da laifin kutse, ta hura mini usur a bainar jama'a, har aka ba ta maki a kai. Ku gyara zama in ba ku labari, don in na bar shi a ciki zai iya kumbura ni.

Autata ce, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karanta tsaron intanet. Wato ilimin da ke tare ɓarayin zamani, waɗanda ba sa haura katanga, suna kwance a ɗakinsu za su shiga wayarka ko kwamfutarka su yi maka ƙarƙaf. Tun da ta samu gurbi na hana unguwa sakat da alfahari. Maƙwabcina tela, wanda aka taɓa sace wa shafin sada zumunta aka riƙa roƙon mutane da sunansa, shi ya laƙaba mata Injiniya. Duk wanda wayarsa ta yi tari sai tela ya ce, "Ku yi haƙuri, Injiniya ta kusa gamawa."

Jiya da yamma na ji shessheƙa a ɗakin uwarta. Ashe wani kamfani ne ya kira Auta gwajin ɗaukar aiki mako mai zuwa, kuma sun ce ba sa son dogon bayani, kwamfuta za su ajiye mata ta nuna abin da ta iya. Na ce to wannan ai abin rawa ne, kukan na mene ne? Uwar ta watsa mini harara.

"Malam, yarinyar nan tun da ta shiga makarantar ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba."

Na ce haba, a daina wasa da hankalina. Da idona na ga ɗakin kwamfutar a talabijin, ranar da Mai Girma Mai Almakashi, Uban Buɗe Gine-gine, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya zo da jerin motoci ya yanka ƙyalle aka yi tafi. Har jawabi ya yi cewa daga ranar ɓarayin intanet su nemi wata sana'a. Sai Auta ta ɗauko takarda ta zana mini cikin kwamfuta tas, kowace waya da sunanta, ta ce haka suke yi a jarrabawa.

Shi ya sa yau na saka babbar rigata na nufi jami'ar. A ƙasa na ƙarasa, don mai motar da ya ɗauke mu ya hango layin mai ya shiga da mu a ciki, ya ce damar da ta zo ba a barinta ta wuce.

Ginin kam ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Fenti fari fat, allon suna ya fi ƙofar gidana girma. A bakin ɗakin kwamfuta na tarar da ƙofa da kwaɗo kamar kan jariri, tagogi an lulluɓe su da labule. Gefe ga benci, a kan bencin ga Auta zaune da gora a hannu, usur a wuya.

"Baba, tsaya daga nan. Kada ka haye layin nan."

Na duba ƙasa, na ga layi da alli. Na ce, "Ke Auta, ni ne fa."

"Na sani, Baba. An koya mana cewa mai kutse yakan zo da fuskar ɗan'uwa. Don Allah ka ja baya, malam yana kallo ta sama."

Ashe wannan shi ne darasin aiki da hannu. Ɗalibai ke gadin ƙofar bi da bi, 'yan aji ɗaya su riƙe tocila, 'yan aji biyu su riƙe usur, sai ka kai shekarar ƙarshe ake yarda a ba ka gora. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ma na yi gadi a ƙuruciyata, kuma ba wanda ya ce sai na kawo takardar sakandare.

Na hau sama wurin Shugaban Sashe, ransa ya daɗe, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Ya ba ni kujera, na gaya masa abin da ke tafe da ni: a buɗe wa yarinya ɗakin nan ko na yini ɗaya, ta taɓa abin da za a gwada ta a kai. Ya yi murmushi irin na likitan da ya ga cutar da ya saba gani, ya nuna mini wani kofi mai ƙyalli a kan kabad.

"Baba, ka san dalilin da ya sa aka ba mu wannan? Tun da aka buɗe sashen nan ba a taɓa yi wa kwamfutarmu ko ɗaya kutse ba. Manyan bankuna an shiga, mu ba a shiga ba. Sirrin shi ne ba mu taɓa kunna su ba. Da ka kunna, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to yaran fa?"

"Yara su ne babban haɗari. Bincike ya nuna duk ɓarnar da ke samun kwamfuta daga mai taɓa ta ne."

Na ce to a taimaka da makulli, ni zan tsaya a kanta kada ta yi ɓarna. Ya ce ai makullin yana wurin Mai Girma, an ba shi kyauta ranar buɗewa a cikin gilashi, yana rataye a falonsa. Karɓo shi sai da izinin kwamiti, kwamitin kuwa ya tafi ƙasar waje koyon yadda ake buɗe ɗakin kwamfuta. Ku yi musu addu'a, jama'a, aikin ba ƙarami ba ne.

Shi da kansa ya rako ni ƙasa don ya nuna mini ingancin kwaɗon. Ga tafiyar ƙasa, ga hawa bene, ga baƙin ciki, ƙafafuna suka ce sun gaji. Na manta da layin alli, na jingina kafaɗata da ƙofar don in huta.

Ƙofar ta tafi da ni. Ita da katakon da ke riƙe da ita gaba ɗaya suka kwanta ciki, ni kuma a kai, hulata ta yi gaba. Ashe gara ta daɗe da cinye katakon, fenti ne kawai ke riƙe da mutuncin jami'a.

Da ƙura ta lafa na ɗaga kai. Tebura a jere, kowanne da kwali a kai, kowane kwali da hoton kwamfuta mai kyau a jikinsa. Na taɓa na kusa da ni, ya tashi sama kamar hula. Na biyu ma haka. Na ukun ne kawai ke da nauyi, na leƙa na ga kyanwa ta haihu a ciki, tana kallona kamar na shigo mata ba sallama. Ita kaɗai ce ta amfana da ɗakin nan, Allah ya raya mata.

Sai na ji usur. Auta ce ke hurawa, hawaye na zuba. Ban ga laifinta ba, abin da aka koya mata ke nan, kuma malam yana tsaye.

Ɗalibai suka taru suna leƙe. Na ɗauka Shugaban Sashe zai nemi inda zai ɓuya, amma mutumin nan gwani ne. Ya durƙusa ya duba kwaɗon, ya girgiza shi, ya miƙe yana share gwiwa.

"Ku shaida, kwaɗo yana nan a kulle. A hukumance ba a buɗe ɗakin nan ba, saboda haka ba wanda ya ga komai. Kuma ko da mai kutsen ya shiga, bai samu abin ɗauka ba. Wannan shi ake kira tsaro mai hawa biyu."

Wallahi aka yi tafi. Ya sa 'yan aji ɗaya suka ɗaga ƙofar suka jingina ta yadda take, ya sanar da cewa Auta ta samu maki mafi girma a tarihin sashen, don ita ce ta fara kama mai kutse da ransa, kuma ba ta duba cewa ubanta ne ba. Ni kuwa aka ɗauki hotona don a riƙa koyar da 'yan baya.

Ni da Auta muka kama hanyar gida. Da muka zo shagon mai buga takardu na bakin titinmu, na roƙe shi ya bar Auta ta zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa. Ya ce ba komai, dama zai je salla, ya bar mana shagon. Ta zauna, ta goge hannunta a jikin mayafi. Ta dubi gaban abin, ta leƙa bayansa, ta shafa gefe a hankali kamar mai tsoron kada ya cije ta. Sannan ta matso kusa da kunnena don kada tela, da ke leƙowa daga shagonsa yana washe baki, ya ji.

"Baba, ta ina ake kunnawa?"

Ni ma ban sani ba. Muka zauna ni da ɗalibar da ta fi kowa maki muna kallon baƙin gilashi, muna jiran mai shago ya idar da salla. Ban taɓa jin tausayin yarinyar nan kamar yau ba, ga shi kwanakin gwajin sai matsowa suke.

Tela ya ƙwala mini kira yana tambaya ko Injiniya ta fara aiki ne. Na ce masa tana duba lafiyar injin tukuna, kada a dame ta.

Af, na ji an ce wata mai zuwa Mai Girma zai dawo da almakashinsa ya buɗe sabon ɗakin koyon aikin likita a jami'ar. Iyayen yaran da ke can, in kuna son sanin abin da ke ciki, kafaɗata tana nan, ta dama ce kawai ke ciwo.