Sallar da Harsashin Alhaji Ya Ƙi Tafiya Daidai

Ba zan taɓa mantawa da wata ƙaramar Salla a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ba, ko da yake wanda muka yi abin tare yau yana ƙasa. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa. (Hauwa, ci gaba da rubutu, hawayen nan ba sa hana ni magana.)

Maigidana ɗinki yake yi, amma duk Salla yakan kafa rumfa a filin wasan yara. Ƙananan bindigogin iska gare shi, irin na hannu, sai gwangwanaye a jere kan katako. Wanda ya kayar da gwangwani ya ɗauki abin wasa. Harsashin kuwa ba ya saye. Da yumɓu yake yin abinsa, a wani ɗan ƙarfe mai ramuka, kowanne mulmul kamar ƙwayar gujiya. Nawa aikin kawai in hau da su saman soro su sha rana.

Kusa da mu akwai Abu Nasir mai sayar da balila, dafaffen waken nan na Larabawa mai romo, Bahaushe haihuwar Jidda. Wata Salla ya dubi layin yara a rumfarmu ya ce, "Alhaji, kasuwa ta yi daɗi!" Bai ce masha Allah ba. Na riƙe abin a raina shekara guda cur.

Da Salla ta zagayo, sai harsashi ya ƙi tafiya daidai. Yaro ya auna gwangwani, ya sami tanti. Wani ya harba, aka ji ƙau a tukunyar balila. Iyaye suka fara cewa mun murɗe bindigogi don kada kowa ya ci. Mai kula da filin ya zo ya ce, "Ya Hajj, in aka sake kawo ƙara, halas, ka naɗe rumfarka." Ba rumfar ce ta dami Alhaji ba. A kira shi macuci, mutumin da ko guntun ƙyallen mutane sai ya mayar, shi ya hana shi cin abinci.

Ya goge bakin bindiga da mai, ya gwada. Ya canja wayar cikinta, ya gwada. Ya ce iskar teku ce, ya ɗaura zanena a gefe. Har tabaran wani tsoho ya ara. Ni kuwa ina gefe ina ƙwafa, don na riga na san mai laifi.

Rana ta biyu da la'asar, fili cike, na gyara mayafi na tsaya gaban Abu Nasir.

"Kai ne! Bakinka ne ya kama mu tun bara!"

"Ya Hajja, ni? Wallahi harsashinku ma a tukunyata yake sauka." Ya sa ludayi ya tsamo ɗaya. "Yalla, ga shi, ku riƙe kayanku."

Harsashin ya jiƙe, yana taɓa shi ya wargaje a tafin hannunsa. Sai ga baƙaƙen ƙwayoyi. Ya sunsuna.

"Alhaji, habbatus sauda kake zubawa a harsashi?"

Alhaji ya fasa wani, ya fasa wani. Wannan ƙwaya biyu, wancan cike. Kowanne da ɗan lotsawa a gefe, daidai babban yatsa. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi hannuna. Na tura shi cikin mayafi, kamar hakan zai taimaka.

(Ni fa tsari na yi musu daga mugun baki. Tun suna ɗanye nake huda kowanne da tsinken tsintsiya, in cusa habba, in shafe da yawu. Ko a mafarki ban kawo cewa ɗan wannan lotsawar zai karkatar da abu ba.)

"Uwar Hauwa," in ji shi, murya ƙasa ƙasa, "harsashin nawa ciwo yake yi ne?"

Fili ya ɗauki dariya. Wata Bayamaniya ta zauna dirshan tana share ido. Mai kula da filin ya riƙe ciki, ya ce wa iyayen yara, "Kun gani? Ba ghish ba ne, babu ha'inci, magani ne!" Na so ƙasa ta tsage. Abu Nasir, Allah ya saka masa, ya cika kwano da balila ya miƙo mini ya ce, "Masha Allah, Hajja. Ta bara ce na biya."

Washegari Alhaji ya shanya sabbi da kansa, yana zaune yana gadinsu kamar mai gadin gero. Gwangwanaye suka yi ta zuba, sunansa ya wanku.

Har cikin ciwon ajalinsa, in na miƙa masa habba da zuma, sai ya yi murmushi ya ce, "A hankali, kada ni ma in karkace." Yau da zan sake jin wannan zolayar, da na yarda a sake yi mini dariya a gaban duk mutanen Balad.

Abin da na koya dai, kafin ki tafi neman mai mugun baki a maƙwabta, fara duba babban yatsanki.