Na Juye, Ban Zuba Ba

Jan mayafinta na fara hangowa, daidai lokacin da baƙin man sabon babur ɗina ke tsiyaya cikin kwano. Da ma makaniki a Tanut ya gargaɗe ni: "Injin sabo ne, yana rodaji, bai gama sabawa da aiki ba. Ka canza masa mai da wuri." Na ce da kaina zan yi, ai juyewa ne da zubawa.

Hadiza ce, wadda na daɗe ina tsara wa kalamai a zuci. Ta ce, "Yaya, ko za ka sauke ni Ollelewa?"

Na ɗaure noti, na goge mata kujera da hannun rigata. Galan ɗin sabon mai kuwa yana gindin bishiya, ko buɗe shi ban yi ba.

Muna tafe inji na ƙwanƙwasa, ni na ɗauka bugun zuciyata ne. A tsakiyar gonakin hatsi ya yi tari, ya ƙame. Wani mai amalanke, Iliya, shi ya kwashe mu har da babur ɗin. Hadiza ta zauna gaba, kusa da shi.

Yanzu 'ya'yansu da Iliya har sun shiga lakwal, suna karatun boko. Duk sanda na wuce ƙofar gidansu sai ta leƙo ta ce, "Yaya, ka dai zuba ko?"