Baba Rumbu Ya Kwanta Dama a Siton Gwaram

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Juwairiyya Aminullahi, jami'ar kula da bayanai a Kamfanin Zangon Riɗi, reshen Birnin Kudu, tana sanar da shugabannin kamfani da ma'aikata da wakilan manoma na Kangire da Basirka da Dingaya rasuwar abokin aikinta, babbar kwamfutar adana bayanai da kowa ya sani da Baba Rumbu. Ya kwanta dama ranar Talata da hantsi a siton kamfani da ke Gwaram, bayan shekara goma sha ɗaya yana bakin aiki. Bai mutu a kan shimfiɗarsa ba. Kashe shi aka yi, kuma Malama Juwairiyya ta ce a rubuta a fili don kada a ji a bakin wani: ita ta kashe shi, da guduma.

Marigayin ya zo Birnin Kudu a cikin akwatin katako, a shekarar da aka ɗauki Malama Juwairiyya aiki. Ƙarti huɗu ne suka shigo da shi suna nishi. Shi marigayin baƙi ne, mai nauyi, ba shi da fara'a. Aka ba shi ɗaki shi kaɗai, aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki tun manaja na fifita da kwali, abin da ya jawo masa maƙiya tun bai fara aiki ba.

Duk manomin da ya taɓa sayar wa kamfani riɗi ko shinkafa, daga Birnin Kudu har iyakar Gwaram, yana cikin Baba Rumbu: sunansa, hotonsa, dangwalen yatsansa, lambar wayarsa, asusunsa na banki, inda gonarsa take da abin da ta ba shi kowace kaka. Dubban mutane ne. Duk wannan yana ajiye cikin fayafai huɗu na ƙarfe da ke jere a ƙirjinsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to marigayin ya cika wannan magana. Bai taɓa kai zancen wani wurin wani ba. Bai san alhaji mai tirela ba, bai san gwauruwa mai tiya biyu ba. Wanda ya zo da kalmar sirri ya buɗe masa iya abin da aka yarje masa, wanda bai zo da ita ba ko ɗan waye ya koma. Bai taɓa neman hutun Sallah ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan aka tashe shi yakan ce "ƙit" sau ɗaya, wato lafiya lau. Daga nan sai gurnani a hankali, "huuum", har a tashi aiki. Idan aka ɗauke wuta yakan yi "ƙit, ƙit, ƙit" cikin ladabi, yana tuna wa mai janareta aikinsa. Malama Juwairiyya ta ce ko tana salla a ɗakin da ke kusa, ta gurnanin nan take sanin ofis na zaune lafiya.

Ya ga jarrabawa iri-iri. Shekarar da ruwa ya shiga gari, ita da Safiyanu direba suka ɗaga shi kan teburi biyu da aka gwama, ta tsaya cikin ruwa har gwiwa tana riƙe da wayoyinsa sama. Wata shekara wani akawu ya cusa masa filash mai finafinai, cuta ta shige shi ta hana kowa buɗe komai. Da yake kowace Alhamis tana kwafe abin da ke cikinsa ta kulle a akwatin ƙarfe, sai ta wanke shi tas ta mayar masa da hankalinsa. Akawun yana nan da rai, kuma an yafe masa.

Ciwon ajali ya fara ne bara da bazara. Gurnanin ya koma tari, sai kuma wani sauti daga ƙirji, "ƙas, ƙas, ƙas", wanda duk mai wannan sana'a ya san ba a warkewa daga shi. Hedkwata ta yanke shawarar a kwashe bayanan dukkan rassa a mayar sabuwar cibiya a Kano. Marigayin ya miƙa amanar da jikinsa zafi rau, bai zubar da suna ko ɗaya ba. Da ya gama, aka kashe shi don ya huta. Washegari aka danna maɓallinsa, bai ce "ƙit" ba.

A nan matsalar take. Tunda ya ƙi tashi, Malama Juwairiyya ba ta samu damar goge abin da ke cikinsa ba. Kuma shi na da ne, tun kafin a fara kulle bayanai yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba. Duk wanda ya zare fayafan nan ya sa a wata kwamfuta, zai karanta su kamar allo. Dokar kamfani ta ce irin wannan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a jefarwa a bola. Farfasa shi ake yi a gaban odita daga hedkwata. Odita ya yi ta cewa yana tafe. Manaja kuwa, Alhaji Ikrima, yana son ɗakin, sai ya ce a kai marigayin sito a Gwaram, a hannun Maikuɗi mai kula da sito, kafin odita ya zo.

"Ranka ya daɗe, wannan ba buhun riɗi ba ne," in ji ta. "A bar ni in zare fayafan in kulle a wurina."

"Doka ta ce kada a taɓa komai sai a gaban odita," in ji manaja. "Kuma Malama, gawa ce fa. Wa zai saci gawa?"

Aka tafi da shi. Hankalinta bai kwanta ba. Ranar Talatar nan ta ce wa Safiyanu ya tayar da mota su je ta gan shi da idonta.

Sun tarar da wata a-kori-kura a harabar sito, baƙin mutane uku sun riga sun ɗora marigayin a baya, Maikuɗi na tsaye yana cewa su yi sauri. Abin da ya tsayar da su shi ne Baba Maikano maigadi, dattijon da ya bar kiwo ya kama gadi. Ya ja ƙyaure ya tsaya a gabansa da sandarsa.

"Ni dai ba a ce mini wani abu zai fita yau ba," yake cewa. "In manaja ya ce, sai in buɗe."

Da Maikuɗi ya ga Malama Juwairiyya ta shigo ta ƙaramar ƙofa, sai ya hau dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ai 'yan gwangwan ne, tsohon ƙarfe suke saye, ya ga abin yana tare wuri ne kawai. Ta dubi mutanen. Hannuwansu sumul, ɗaya ma da jakar kwamfuta a kafaɗa.

"To madalla," in ji ta. "In ƙarfe kuke so, ku tafi da gangar jikin. Zan cire fayafan."

Wani dogo a cikinsu ya dube ta sama da ƙasa. "Hajiya, koma mota. Ba da ke muka yi ciniki ba."

Bai jira amsa ba. Ya zaro sifana daga ƙarƙashin kujerar direba, ya nufi ƙyaure, ya sauke ta a kan Baba Maikano. Hula ta yi gefe, jini ya rufe wa dattijon fuska. Ya durƙushe, amma hannunsa na cikin sarƙar ƙyaure, ya ƙi saki. Suka hau shi da ƙafa. Safiyanu da ke waje ya ja mota ya tokare ƙofar, ya haura ya shigo. Biyu suka tare shi suka kai shi ƙasa, ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa.

Ba wanda ya kula da mace. Ta taka taya ta hau bayan motar. Shekara goma sha ɗaya tana buɗe ƙirjin nan, yatsunta sun san inda maɓallan suke. Ta zare fayafan huɗu, ta rungume su cikin hijabi, ta diro ta ruga cikin sito.

Ƙofar sito ba ta kulluwa ta ciki. Babu wata mafita, babu wurin ɓuya sai buhuna. Kusa da sikeli ta ga gudumar da leburori ke gyara katakon ɗora kaya da ita. Ta ce a lokacin ba kamfani ta tuna ba, ba aikinta ba. Abin da ya zo mata shi ne duk wanda ya fita da ƙarafan nan ya san wane manomi ne a Dingaya ya fi kowa riɗi bana, ya san lambarsa, ya san fuskarsa, ya san hanyar gonarsa. A wannan zamani ba a buƙatar fiye da haka a kwashe wa mutum asusu, ko a je a ɗauke shi.

Ta ajiye na farko a kan siminti. Ta ce, "Ka yafe ni, Baba." Ta ɗaga guduma da hannu biyu.

Marigayin da bai taɓa ɗaga murya ba ya ce "ƙwal". Ta ƙara, murfin ya lotsa. Ta ƙara, cikinsa ya tarwatse. Na biyu ma haka. Tana kan na uku mai jakar kwamfuta ya shigo, ya damƙi hijabinta ta baya ya murɗe har numfashinta ya tsaya. Ta sunkuya ta zame ta bar masa hijabin a hannu, ta sauke gudumar. Sai dogon ya iso da sifanarsa. Ya doke ta a damtsen dama. Ta ce ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafin. Guduma ta faɗi. Saura faifai ɗaya. Ta kife a kansa, ta dunƙule. Suka yi ta shurinta a haƙarƙari suna ƙoƙarin birkice ta, tana jin ƙarfen yana huda mata ciki, ba ta ɗaga ba.

Ihun Safiyanu ne ya kai injin casar shinkafa da ke maƙwabtaka. Leburori suka hauro katanga da itace da shebur. Ɗaya daga cikin baƙin ya tsallake ya tsere. Biyun aka jawo su harabar sito aka yi musu dukan da sai da dogon ya daina motsi, aka farfasa gilasan motarsu. Wani ya gangaro da taya, wani ya ce a kawo fetur. Baba Maikano ya ɗago daga inda yake zaune cikin jininsa.

"Ba a ƙofata ba," ya ce. "Ba za a ƙona ɗan mutum a ƙofar da nake gadi ba. Ku kira hukuma."

Aka ji maganarsa. Maikuɗi kuwa a tsakanin buhuna aka zaƙulo shi, yana rantsuwa shi ƙarfe kawai ya san ya sayar. Wannan magana tana hannun 'yan sanda, alƙali ne zai warware ta.

Da aka ɗaga Malama Juwairiyya, wata mai sayar da abinci ta yafa mata mayafi. Faifai na huɗu yana nan lafiya. Wani lebura ya ɗauki guduma ya ce ta kawo ya ƙarasa mata. Ta ce a'a. Ta durƙusa, ta danne shi da gwiwa, ta kama gudumar da hagu. Hannun ba ƙarfi, sai da ta yi ta bugu har ya buɗe. A nan rai ya yi halinsa.

Marigayin ya bar batirin ko-ta-kwana, abokin zamansa da ya sha tare masa mugunyar wuta. Da na'urar sanyaya ɗaki, wadda har yau ba a samu mai zuciyar kashe ta ba. Da firinta, mai saurin fushi. Da magajinsa a Kano, wanda ba a taɓa gani ba amma an ce yana da kirki. Ya kuma bar dubban manoma da suka kwana lafiya ranar Talata, mafi yawansu ba su taɓa sanin akwai shi ba.

Baba Maikano ya sha ɗinki a ka, an sallame shi, yana gida a Dingaya wurin maiɗakinsa Inna Fatsuma. Safiyanu ya rasa haƙori. Malama Juwairiyya na fama da ɗori da ciwon haƙarƙari, don haka ita ta faɗa, Malama Mansura sakatariya ta buga wannan sanarwa.

Odita ya iso washegari da sassafe. Ya ɗauki hoton gutsattsarin, ya sa hannu.

Ba za a yi wa marigayin wanka ko salla ba, domin ƙarfe ne, kuma iyalansa sun san haka, ba sai an tuna musu ba. Ranar Alhamis bayan la'asar za a ɗauki ragowarsa daga ofishin Birnin Kudu zuwa maƙerar Malam Sabo mai tukwane, inda za a narkar da shi a gaban odita da manaja. Za a karɓi gaisuwa a tsohon ɗakinsa, wanda Alhaji Ikrima ya ce ya fasa shiga. Ana roƙon masu zuwa su bar filash ɗinsu a gida. Wanda ke da niyyar sadaka, ya canza kalmar sirrinsa yau, ya daina rubuta ta a jikin bango. Wanda ke da abin hannu, ya kai Dingaya.

Malam Sabo ya aiko wa Malama Juwairiyya yana tambaya ko in ya narke a zuba mata shi a yi ludayi, ta riƙa tunawa. Ta ce a gode masa, amma a'a. A bar shi dunƙule, a haƙa rami a bayan ofis a sa shi. Ita za ta zuba ƙasar farko, da hannun hagu.